Ranar Yaye: Sharhi Kan Ma'aikatan Da Ke Aiki Cikin Inuwa



Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela, ko garejin bakanike, ko rumfar kafinta, ya san akwai wata rana da yaro ke jira tun daga ranar da ubansa ya riƙo hannunsa ya damƙa wa maigida. Ranar yaye ke nan. Maigida zai tara mutane, a yi addu'a, a ba yaro keken ɗinki ko akwatin sifana, a ce masa je ka, Allah ya ba da sa'a. Shekarun shara da aike da guga da sa maɓalli, duk saboda wannan rana ake jure su. Maigidan da ya riƙe yaro shekara goma sha biyar bai yaye shi ba, unguwa ba ta ganin girmansa, ko da kuwa yana ciyar da shi yana tufatar da shi.

Sharhinmu na yau kan wasu ma'aikata ne da akasarinsu ba su da ranar yaye. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masana'antu da aka kafa musamman domin masu buƙata ta musamman: makafi, kurame, guragu, masu ƙarancin fahimta tun haihuwa, da waɗanda suka yi fama da taɓin hankali. Gwamnati na zuba kuɗi a ciki, ana tsara aikin daidai ƙarfin mutum, akwai masu kula, kuma ba a korar mutum don hannunsa na da nawa. Sunan da ake kiransu da shi a wasu harsunan can yana nufin wurin fakewa, saboda haka bari mu kira su ma'aikatun inuwa. Tambayar da ta hana masu tsara doka barci a waɗannan ƙasashe ita ce: mutumin da ya shigo inuwa yana ɗan shekara ashirin, me zai zama idan ya kai arba'in? Wa ya zauna da shi ya tambaye shi inda yake son zuwa?

Kafin a soki abu, ya kamata a faɗi alherinsa. A Birtaniya, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, majalisa ta yi dokar ɗaukar naƙasassu aiki a 1944, lokacin Ernest Bevin na ministan ƙwadago. Daga wannan doka aka kafa kamfanin gwamnati da aka sani da Remploy a 1945, aka buɗe masana'antarsa ta farko a garin Bridgend na yankin Wels a 1946. Da yawa daga cikin ma'aikatan farko masu haƙar kwal ne da rami ya naƙasa, kuma abin da suka fara ƙerawa shi ne kayan katako da goge irin na Turawa. Ku duba wannan da kyau. Mutumin da jiya ake ganin ya gama yawo, yau ga shi yana fita da sassafe da kwanon abincinsa, yana dawowa da albashi, 'ya'yansa na cewa baba ya tafi aiki. Kamfanin ya bunƙasa har ya mallaki masana'antu sama da 90, suna yin kujerun makaranta, da kekunan guragu, da takalman masu lalurar ƙafa, da tufafin kariya na sojoji. Wanda bai taɓa ganin magidanci zaune a ƙofar gida shekara da shekaru ba wanda ke neman shi da komai ba, ba zai gane girman wannan ba.

To amma inuwa tana da wani hali. Idan ta yi daɗi, kuma ba a gyara hanyar fita ba, sai zango ya koma gari.

Jamus ce ta fi nuna wannan ƙarara. Mutum wajen 300,000 ne ke aiki a irin waɗannan ma'aikatu a ƙasar. Dokar da ta kafa su ta ɗora musu nauyin shirya duk wanda zai iya domin ya koma kasuwar aiki ta kowa da kowa, har ma sabon shiga yakan fara da shekara biyu na koyon sana'a. Amma waɗanda ke fita a shekara ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Matsakaicin abin da ma'aikaci ya samu a wata a 2022 kuwa bai wuce yuro 220 da 'yan kai ba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya kai yuro 12 a awa ɗaya a wannan shekarar. Dalili shi ne doka ba ta ɗauke su cikakkun ma'aikata ba, sai ta ajiye su a wani matsayi tsakanin ma'aikaci da majinyaci, gwamnati na cike sauran da kuɗin tallafi.

Me ya hana su fita? Ba ƙeta ba ce ta masu kula da su. Na yi imani mafi yawansu mutanen kirki ne. Matsalar tana cikin ginin kansa. Ma'aikatar inuwa tana karɓar kwangila daga manyan kamfanoni, kuma dole ta kai kaya a kan lokaci. Wa ke sa a kai kaya a kan lokaci? Wannan matashin mai zafin nama wanda ya iya na'ura, ba ya fashi, har yana gyara wa na kusa da shi. Wa ya fi cancanta a yaye? Shi ɗin dai. Idan aka sallame shi, layin aiki ya yi rauni, ga kuma kuɗin da gwamnati ke biya a kan kowane gurbi ya tafi. Wato an ba mutum ɗaya aiki biyu masu karo da juna, an ce ya tatsi saniya kuma ya kai ta kasuwa. Akwai kuma ƙarin ƙulli. A Jamus kamfanin da ke da ma'aikata 20 ko fiye dole kashi 5 cikin ɗari na guraben aikinsa su zama na masu naƙasa mai tsanani, in ba haka ba ya biya tara. Amma idan ya ba ma'aikatar inuwa kwangila, ana rage masa tarar. Sai ya zama kamfani na amfana da gumin mutum ba tare da ya taɓa zama da shi a ɗakin cin abinci ɗaya ba.

Inda ba sa ido, abin kan wuce haka muni. A Amurka dokar ƙwadago ta 1938 ta yarda a biya naƙasasshe ƙasa da mafi ƙarancin albashi. A wani ƙaramin gari mai suna Atalissa a jihar Iowa, an ajiye wasu maza masu ƙarancin fahimta a tsohon ginin makaranta, suna aikin fiɗar talotalo a wata masana'anta shekaru sama da talatin, ana ba kowannensu dala 65 a wata. Sai a 2009 hukuma ta rufe gidan. A 2013 kotu ta yanke wa mutum 32 daga cikinsu diyyar dala miliyan 240, daga baya aka rage ta ƙwarai saboda iyakar da doka ta sa. Sun shiga da ƙuruciyarsu, sun fito da furfura da hannaye da suka lalace. Cikin shekarun nan duka, babu wanda ya zauna da ɗayansu ya ce masa, wane, baɗi war haka me kake son ka iya?

Irin waɗannan ne suka sa guguwa ta juya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu ta 2006, a sashe na 27, ta ce suna da haƙƙin aiki a kasuwar da ke buɗe ga kowa. A 2022 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fito fili ya ce keɓe mutane a ma'aikatun inuwa bai dace da wannan haƙƙi ba. Ina ganin gaskiyarsu a manufa. Inda nake jan numfashi shi ne wajen yadda ake aiwatarwa, kuma labarin ƙarshen Remploy ne ya koya mini haka.

A 2008 aka rufe masana'antunsa kusan 30. A 2011 Liz Sayce, wata sananniyar mai fafutukar haƙƙin naƙasassu, ta miƙa wa gwamnati rahoto cewa kuɗin ya kamata ya bi mutum duk inda zai yi aiki, maimakon ya bi gini. Lissafin da gwamnati ta riƙe shi ne kowane gurbi a masana'antun na cin kimanin fam 25,000 a shekara, kuɗin da zai tallafa wa mutane da dama a kamfanoni na yau da kullum. A watan Maris na 2012 aka sanar da rufe 36 daga cikin 54 da suka rage, kafin ƙarshen 2013 kuma an gama da sauran, wasu an rufe wasu an sayar. An ware kuɗin taimakon waɗanda aka sallama na wata goma sha takwas. Wasu sun samu aiki. Da yawa kuma sun koma gida sun zauna, kuma tare da albashin sun rasa abokan hira, da dalilin tashi da safe. Mutumin da ya shekara ashirin da biyar yana ɗaure ƙusa ɗaya a kujera ɗaya, ba a taɓa koya masa cika takardar neman aiki ba, ba a taɓa kai shi ya leƙa wata masana'anta ba, ba shi da shaidar da wani zai karanta ya gane abin da ya iya, ranar da aka ce ya fita rana ai an makara da shekara ashirin. Ko uwa ba ta yaye ɗa a ranar da ta ga dama. Sai ta fara saba masa da kunu da tuwo mai laushi tun da sauran lokaci.

Wannan ya kawo mu Beljiyam, ƙasar da mu a nan muka fi sani da motoci na hannu. A yankin arewacinta, wato Filandas, sun zaɓi wata hanya ta tsakiya. Sun yi doka a 2013, ta fara aiki sosai a watan Janairun 2019, wadda ta haɗe ma'aikatun naƙasassu da na waɗanda suka daɗe ba aiki saboda matsalolin rayuwa, ta ba su suna ɗaya. Sunan a harshensu yana nufin aikin da aka ɗinka daidai jikin mutum, irin ɗinkin da tela ke yi bayan ya sa tef ya auna, saɓanin rigar kanti. Aƙalla kashi 65 cikin ɗari na ma'aikatan irin wannan kamfani dole su kasance masu wannan buƙata. Gwamnati na biyan wani kaso na albashi gwargwadon yadda lalurar ta rage wa mutum ƙarfin aiki, tana kuma biyan kuɗin masu koyarwa da ke tsaye a kansa. Mutum sama da 20,000 ke aiki a ciki, suna shirya kaya a kwali, suna harhaɗa sassan na'urori, suna gyaran lambuna, suna wanki da guga na asibitoci da otal-otal, wasu kuma na gudanar da shagunan kayan gwanjo da ake kira Kringwinkel. Bambancinsu da na Jamus babba ne: su cikakkun ma'aikata ne, da takardar ɗaukar aiki da albashi na doka.

Abin da ya fi jan hankalina a dokar shi ne wata takarda guda. Dole kamfani ya zauna da kowane ma'aikaci duk shekara, a rubuta masa tsarin cigabansa na kansa. Ana duba abin da ya iya yanzu, na sana'a da na zaman tare, kamar zuwa a kan lokaci, da jin magana, da iya tambaya idan bai gane ba. Ana duba abin da yake buƙatar ya iya nan gaba. Sai a rubuta matakan da za a ɗauka. Kuma ba kamfanin kaɗai ke da ta cewa kan ko mutum ya isa fita ba. Hukumar samar da aikin yi ta yankin, VDAB, ita ke tantance wanda zai shigo, ita kuma ke dubawa ko lokacin wucewa gaba ya yi, tana amfani da wannan takarda. Kun ga an raba mai tatsa da mai kai wa kasuwa.

Bari in kwatanta yadda irin wannan zama ya kamata ya kasance, domin a nan ne abin ke rayuwa ko ya mutu. Mu ƙaddara wata mata ce 'yar shekara talatin, mai ƙarancin fahimta, ta shekara shida tana ninke tawul a sashen wanki. Mai kula da ita ya zauna da ita wuri mai shiru. Idan ya ce mata mene ne burinki na shekara biyar, za ta yi murmushi ta ce komai lafiya, a rufe fayil. Mai kula na gari zai ce mata, cikin aikin jiya wanne kika fi jin daɗi? Wane ne kike kallo yana aiki ki ce da ma ni ce? Sai ta ce ita tana son tsayawa gaban babbar na'urar wanki, amma tana tsoron maɓallan. Shi ke nan, an samu bakin zare. Sai a rubuta: daga wata mai zuwa, kowace Talata za ta yi awa biyu tare da wance a gaban na'ura. Za a manna hotuna a jikin maɓallan maimakon rubutu. Bayan wata uku za a sake zama. Abu ɗaya ko biyu, da sunan wanda zai koya, da rana. Takardar da ke ɗauke da buri goma sha biyu ba sunan kowa a gabansu, aljihun tebur kawai za ta ƙawata.

Kuma dole takardar ta zama tata. Ta fahimci abin da ke ciki, a karanta mata da harshen da take ji, idan kurma ce a kawo mai fassarar hannu, idan makauniya ce a ba ta a murya ko a rubutun makafi. Ta iya cewa a'a. Babban haɗarin irin wannan tsari shi ne ya rikiɗe ya zama jarrabawa, inda ma'aikaci ke shigowa gabansa na faɗuwa, yana tunanin idan ya nuna ya iya da yawa za a kore shi daga inuwa, idan ya nuna bai iya ba za a raina shi. Mutumin da ke tsoro ba ya faɗin gaskiyar abin da yake so. Kuma akwai rabin takardar da ake yawan mantawa: abin da kamfani zai canza. Sau da yawa ba mutumin ne ke buƙatar gyara ba, teburin ne ya yi tsawo, ko umarnin ne aka rubuta da dogon Turanci.

A kan wannan akwai wani malami Ba'amurke, Marc Gold, da ya kamata a tuna. A farkon shekarun 1970 ya ɗauki mutanen da aka yanke wa hukuncin cewa ba za su iya koyon komai ba, ya koya musu harhaɗa birkin keke mai sassa 15. Ya daddatsa aikin ƙanana-ƙanana, yana nunawa da hannu fiye da baki, kuma idan mutum ya kasa, sai ya ɗauka hanyar koyarwar ce ta kasa, ya sake wata. Sun iya. Duk wanda ya taɓa kwance birkin keke ya ga ƙananan ƙarafan da ke ciki ya san wannan ba wasa ba ne. Daga irin aikinsa ne aka gina tsarin da ake kai mutum wurin aiki na gaske tun farko, mai koyarwa ya bi shi can, yana janyewa a hankali har ya tsaya da ƙafarsa.

Akwai wani ɓangare da masu ɗokin fitar da kowa ba su cika magana a kai ba, ni kuwa shi ya fi taɓa mini zuciya. Wasu ba za su taɓa fita ba. Lalurarsu ta yi nauyi, ko shekaru sun ja, ko kuma sun gwada waje sun dawo da rauni a zuci. Shin su ba su da cigaba ke nan? Suna da shi. A Beljiyam shekarun ritaya sun tashi daga 65 zuwa 66 a 2025, za su kai 67 a 2030. Jikin da ya taso da lalura yakan riga sa'o'insa gajiya. Gurgun da ya shekara talatin yana tura keke da hannu, kafaɗunsa ne ke fara kuka. Mai ɗaukar kwali tun yana saurayi, bayansa zai ba shi labari yana ɗan hamsin. Ga kuma aikin kansa yana gudu: abin da hannu goma ke shiryawa jiya, yau na'ura ɗaya ke yi, ko an kai kwangilar wata ƙasa mai arhar lebura. Saboda haka tsarin cigaba na gaskiya yana tambaya tun da wuri: idan bayanka ya gaza, wane aiki na biyu ka iya? Mutum ya koyi tasha biyu ko uku a cikin masana'anta, ana juya shi. Ya koyi taɓa allon kwamfuta tun kafin a kawo na'urar da za ta tilasta masa. Dattijon da ƙarfinsa ya ragu a mai da shi mai nuna wa sababbi hanya, domin saninsa bai ragu ba. Wannan ma yaye ne, daga yaro zuwa babban yaron shago, ko da ba a bar shagon ba.

Ga wanda zai fita kuwa, abin da ya fi buƙata shi ne ya san ƙofa ba za ta rufe a bayansa ba. Suwidin na da kamfanin gwamnati mai suna Samhall, wanda aka kafa a 1980, da ma'aikata sama da 20,000. Duk shekara gwamnati na ɗora masa adadin mutanen da dole ya wuce da su zuwa wasu kamfanoni, kuma wanda ya tafi yana da damar dawowa cikin wata goma sha biyu idan abin bai yiwu ba. Jamus ma tun 2018 ta fito da tsarin da ke biya wa kamfani har kashi 75 cikin ɗari na albashin wanda ya ɗauka daga ma'aikatar inuwa, tare da haƙƙin komawa. A al'adarmu ma, yaron da aka yaye gidan kaka ake kai shi, ya yi kwanaki ya dawo, ba a canza masa gida ba. Iyayen da ke hana ɗansu mai lalura gwada aikin waje, ba mugunta ke sa su ba. Sun sha wuya kafin su samo masa wannan gurbi, kuma suna tunanin ranar da ba sa raye. Ka ba su tabbacin komawa, su da kansu za su raka shi.

To mu fa a nan gida? Ba mu da irin waɗannan manyan masana'antu, kuma ba ina kira a kwafo su ba ne. Amma muna da 'yan'uwansu. Muna da cibiyoyin koyar da sana'a na gwamnatocin jihohi da na ƙungiyoyi. Muna da makarantu irin su ta makafi da ke Gindiri, wadda ke nan tun 1953, da ta Tudun Maliki a Kano. Muna da makafin da suka gaji tukar igiya, da ƙungiyar waɗanda shan inna ya naƙasa a Kano da ke ƙera kekunan guragu da hannunsu. Najeriya na da dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin hukumomin gwamnati, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Nijar ma dokarta ta ware kashi 5 cikin ɗari. Gurabe na nan a takarda. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gadar da za ta ɗauki mutum daga benci a cibiya zuwa wannan gurbi.

Na taɓa ziyartar wata cibiya, ba zan faɗi sunanta ba. Na tarar da wani bawan Allah makaho yana saƙa kujerar roba, hannunsa na tafiya kamar ruwa. Na tambaye shi tun yaushe yake nan, ya ƙirga mini shekarun da suka fi na karatun likita. Na ce masa, Malam, ba ka sha'awar wani abin? Ya yi shiru, sannan ya ce shi tun da daɗewa yake son ya riƙa sayar da katin waya da cajin waya a bakin tasha, domin yana gane kuɗi da hannu kuma yana riƙe lambobi a ka, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa. Na bar wurin jikina a sanyaye. Ba a zalunce shi da duka ko yunwa ba. An dai yanke masa sana'a daga ranar da aka ga idonsa, kamar yadda muka saba: makaho saƙa, gurgu gyaran takalmi, kurma ɗinki, mace sabulu da man shafawa. A yi bikin yaye ɗalibai, a raba keken ɗinki gaban kyamara, bayan wata uku keken na kasuwa an sayar, domin ba wanda ya bi sawu ya ga ko akwai shago, ko akwai masu kawo ɗinki, ko ma mutumin na son ɗinkin.

Gyaran wannan bai buƙatar yuro ko fam. Littafi ne na naira ɗari biyar, shafi guda ga kowane mutum, da shugaban cibiya mai haƙurin zama ya saurara. A rubuta abin da mutum ya iya, da abin da yake so, da sunan maigidan da ke cikin gari wanda zai karɓe shi kwana biyu a mako, da ranar da za a je a duba shi. A sa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da shugabannin ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman a cikin zaman, domin su ne idon da ke waje, kuma sun san mutanensu fiye da kowane jami'i. A haɗa su da ƙungiyoyin teloli da kafintoci da masu gyaran waya, waɗanda da ma su ke yaye yawancin matasanmu. A kuma nema musu shaida. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya na yin gwajin sana'a tana ba da takarda, hukumar ilimin fasaha ta ƙasa da ke da hedikwata a Kaduna kuma tana da tsarin tantance abin da mutum ya koya a bakin aiki ko da bai shiga aji ba. Wanda ya shekara goma yana walda kekunan guragu ya cancanci takardar da za ta ce shi mai walda ne, yadda gobe idan an daina sayen keken zai iya yin ƙofa da taga.

Ku kuma masu shaguna da kamfanoni da ke saurarena, idan aka kawo muku irin wannan mutum, kada ku ajiye shi a kusurwa kuna ba shi na goro don neman lada. Ku ba shi aiki na gaske, ku gyara masa idan ya yi kuskure kamar yadda kuke wa sauran yara, ku biya shi abin da aikinsa ya kai. Ranar da ya fara, ku zauna da shi da waliyyinsa ku faɗa masa shekarar da kuke sa ran yaye shi, a rubuta, kowa ya riƙe kwafi.